Karatu Igiyar Zumunci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci 'yan Adam ya haɗa su da dangantakar jini da ta aure, ya kuma sanar da su rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wani kuka da ake yawan ji a zauruka da ƙofofin masallatai, cewa zumunci ya yi rauni. Wa yana Kano, ƙane yana Legas wajen neman abinci, ƙanwa ta yi aure a Maraɗi, ba a haɗuwa sai an yi biki ko an yi rashi. Ga waya a aljihun kowa, amma idan an buga, daga ina gajiya da ina aiki sai a yi shiru, domin babu abin da ya rage tsakaninsu wanda za a tattauna, in ba maganar kuɗi ba ko ƙorafin wane da wance. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Gaskiya ne. To amma ƙafa ba ta ɗaukar mutum zuwa inda zuciyarsa ba ta da abin nema. Magabata sun san wata igiya da take ɗaure 'yan'uwa da abokai ko da ƙasa ta raba su, ita ce karatu tare, da musayar littattafai, da rubuta wa juna abin da aka fahimta.

Da farko ya kamata a san matsayin zumunci a shari'a. Ayar farko ta Suratun Nisa'i ta haɗa tsoron Allah da kiyaye zumunta a wuri guda. A Suratur Ra'adi, aya ta 21 ta yabi masu sadar da abin da Allah ya yi umurni a sadar, aya ta 25 kuma ta la'anci masu yanke shi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa sada zumunci yana jawo yalwar arziki da albarkar kwana. Buhari ya kuma ruwaito cewa cikakken mai zumunci shi ne wanda yake sadarwa ko da an yanke masa, ba mai jiran a yi masa sa'an nan ya rama ba. Saboda haka duk hanyar halal da za ta raya wannan wajibi tana da rabo daga ladansa. Karatu kuwa shi kansa ibada ne, tun da ayoyin da suka fara sauka, na farkon Suratul Alaƙi, umurni ne da karatu, kuma sun ambaci alƙalami. Wanda ya haɗa su biyun ya sami lada biyu da aiki ɗaya.

Sahabbai sun aikata haka tun a Madina. Buhari ya kawo a littafin ilimi na Sahihinsa cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yana da wani maƙwabci daga cikin Ansaru a unguwannin Awali, can gefen gari. Da yake kowannensu yana da hidimar iyali, sai suka raba kwanaki: yau wannan ya sauka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gobe wancan. Wanda ya je sai ya komo da labarin abin da ya sauka na wahayi da abin da aka karantar, ya sanar da ɗan'uwansa. Ta haka babu ranar da ɗayansu bai ƙwanƙwasa ƙofar ɗaya ba. Haka nan Malik ɗan Huwairisu ya ba da labarin yadda shi da wasu samari tsararrakinsa suka zauna wurin Annabi kwana 20 suna koyon addini. Da Annabi ya lura sun yi kewar gida, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sa'an nan ya umurce su su koma cikin iyalansu su karantar da su. Ashe tun farko an ɗora wa mai ilimi ya fara kai shi gida.

Da Musulunci ya faɗaɗa, sahabbai suka warwatsu a garuruwa, sai takarda ta ɗauki aikin ƙafa. Salmanul Farisi da Abud Darda'i, waɗanda Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, ɗaya ya zauna Iraƙi, ɗaya Sham. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abud Darda'i ya rubuta wa Salmanu yana kiransa ya taho ƙasa mai tsarki, shi kuwa ya amsa masa da cewa aikin mutum ne yake tsarkake shi, ƙasa ba ta tsarkake kowa, ya kuma yi masa nasiha game da alƙalancin da aka ba shi. Wasiƙar 'yan'uwa ce, amma cike take da ilimi, shi ya sa har yau ana karanta ta.

Misalin da ya fi dacewa da wannan zamani shi ne na Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan hijira, da abokinsa Laisu ɗan Sa'adu, babban malamin Masar, wanda ya rasu a shekara ta 175. Laisu ya aika wa Malik wasu littattafai domin ya duba masa, Malik ya duba ya gyara, ya buga musu hatiminsa ya mayar. Ya kuma rubuta masa cewa labari ya iske shi yana ba da fatawa da abin da ya saɓa wa aikin mutanen Madina, ya bayyana masa dalilin da ya sa yake ganin aikinsu hujja ne. Laisu ya mayar da doguwar amsa, wadda Ibnul Ƙayyim ya adana a littafinsa I'ilamul Muwaƙƙi'ina. Bai ɓoye saɓaninsa ba. Ya kawo mas'aloli ɗaya bayan ɗaya, kamar haɗa salloli biyu a daren ruwan sama, inda ya ce ruwan Sham ya fi na Madina yawa, amma sahabban da suka zauna can ba su haɗa ba. Duk da haka ya buɗe wasiƙar da farin cikin jin lafiyar abokinsa, ya gode masa bisa nasiha, ya rufe ta da roƙon kada ya daina rubuto masa labarinsa da na 'ya'yansa da iyalinsa, da duk wata bukata da ta taso. Sun saɓa a kan fiƙihu, abota kuwa ta zauna daram har mutuwa ta raba su.

A ƙasar Hausa ma akwai gidan da ya tsaya a kan wannan turba, wato gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, kuma da yawa daga cikinsu kawunnai ne da baffanni da sauran dangi. Ya faɗi cewa mahaifinsu ne ya koya masa Alƙur'ani, sa'an nan yana ɗan shekara 13 ya koma hannun wansa Shehu, ya karanta Ishiriniya da wasu littattafai a wurinsa. Daga baya an sami mas'alolin mulki da suka saɓa a kansu, kowa ya rubuta abin da ya fahimta. Amma a littafinsa Najmul Ikhwani, Shehu ya hori almajirai su lizimci karanta littattafan ƙanensa Abdullahi da na ɗansa Muhammadu Bello tare da nasa, ya bayyana fannin da kowannensu ya fi mayar da hankali a kai. Babban wa ne yake tura mutane zuwa ga littafin ƙanen da ya saɓa masa. Wannan shi ne adalcin masu ilimi.

Mata ba a bar su baya ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ta ɗauki abin da wanta Sarkin Musulmi Bello ya rubuta game da salihan mata ta mayar da shi waƙa, ƙanenta Isa kuma ya fassara wasu nata zuwa Hausa. Mijinta Waziri Giɗaɗo shi ma marubuci ne. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji ta ba su malfa, su riƙa jagorancin matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koma da karatu su koya wa na gida. Matan da ba su taɓa sanin juna ba suka zama 'yan'uwa saboda waƙa guda da suka haddace. Zuriyar gidan ta riƙe amanar littattafai har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, wanda masu bincike daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa ɗakin karatunsa a Sakkwato.

Ko talakawa sun ɗanɗana wannan daɗi. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, magidanci da ya iya haɗa baƙi ya kan rubuta wa ɗan'uwansa na nesa wasiƙa da hannunsa, ba sai ya kai sirrinsa wurin mai rubuta wasiƙa ba. Da dare kuma a kewaye fitila, yaro ɗan makaranta yana karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, tsofaffi suna saurare suna gyara masa fahimta.

To, a nan akwai gargaɗi mai nauyi. Shaiɗan ya sami hanyar juya wannan alheri ya zama sharri. Sau da yawa saurayi ya kan karanta ɗan littafi guda, ko ya saurari wa'azi biyu, sai ya daina gai da baffansa, ya ƙi cin abincin gidan ƙanwarsa, wai sun saɓa masa a fahimta. Alhali Suratu Luƙmana, aya ta 15, ta yi umurni a zauna da iyaye da kyautatawa a duniya ko da sun matsa wa ɗansu ya yi shirka, sai dai kada ya bi su a kan haka. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta zo mata tana kan shirka, ya umurce ta ta sadar da ita. Ina kuma ga ɗan'uwa Musulmi mai salla, wanda saɓaninsa bai wuce na reshe ba? Hadisi ya haramta ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3. Duk karatun da ya ƙara wa mutum girman kai, ya raba shi da danginsa, lalle ya koma ya binciki niyyarsa. Bai fi Malik sani ba, bai kuma fi Laisu kishin sunna ba.

Aikata wannan nasiha ba ya bukatar dukiya. Maigida ya ware rabin sa'a tsakanin Magariba da Lisha, ko bayan Asuba, a karanta shafi guda a gaban mata da yara, kowa ya faɗi abin da ya gane. 'Yan'uwan da suke garuruwa daban-daban su zaɓi littafi ɗaya su ajiye rana. Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi hadisai 42 ne. Idan ana ɗaukar ɗaya kowane mako, kafin shekara ta zagayo an sauke, kuma an gaisa sau 42. Wayar da ake kukan ta raba mutane ita ce za ta ɗauki muryar ƙane yana karanta wa wansa darasi. Mai zuwa ziyara ya haɗa da ɗan littafi cikin tsarabarsa, ya rubuta sunan wanda ya ba da addu'a a bangon ciki. Wanda Allah ya ba lafiyar ido ya tuna da gwaggonsa da ganinta ya yi rauni, ya je ya karanta mata tarihin Annabi ko fassarar Alƙur'ani. Littattafan tarihi da na sana'a da na labarai masu tarbiyya su ma suna cikin wannan, muddin babu alfasha a ciki.

Sai maganar aro, wadda ta ɓata abota mai yawa. Malam Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a shekara ta 733 bayan hijira, ya keɓe babi guda a littafinsa Tazkiratus Sami'i a kan ladubban littattafai. Ya nuna cewa abin so ne a ba da aro ga wanda ba zai cutar ba, mai aro kuwa ya gode, kada ya daɗe da shi ba bisa bukata ba, kada ya yi rubutu a ciki ko ya ara wa wani sai da izinin mai shi. Littafin aro amana ne, Suratun Nisa'i kuwa, aya ta 58, ta yi umurni a mayar da amana ga masu ita. Wanda yake da littafin abokinsa a ɗaki shekara da shekaru, har kunya ta hana shi zuwa gidansa, ya ɗauke shi wannan mako ya kai da ƙafarsa, ya nemi afuwa. Mai littafi kuma ya karɓa da sakin fuska, ya ba shi wani.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mutanen da suka taru a ɗaya daga ɗakunan Allah suna karanta Littafinsa suna darasinsa tsakaninsu, natsuwa tana sauka a kansu, rahama ta lulluɓe su, mala'iku su kewaye su, Allah kuma ya ambace su a wurin waɗanda suke wajensa. Ana fatan gidan da ya saba da irin wannan zama shi ma ya sami rabo daga wannan natsuwa, shi da danginsa na kusa da na nesa.

Allah ya ba Musulmi ilimi mai amfani, ya daidaita tsakanin 'yan'uwan da suka ɓata, ya jiƙan iyaye da malamai, ya sa a cika da imani. Amin.