Abincin Kasuwar Dare

Karatu: 1 Korantiyawa 10:25-31

Ɗan'uwa, in tafiya ta kai ka Bankok, babban birnin Tailan, za ka tarar a kasuwar dare ana soya taliyar shinkafa da tsamiya, ana kirɓa ɗanyar gwanda da barkono. Yawancin masu sayarwa mabiya Buddha ne. Za ka kwana da yunwa ke nan? Manzo Bulus ya yardar mana cin abincin kasuwa, gama Ubangiji ne mai kome. Sai dai in an ce maka hadaya ce, ka bari saboda lamirin wanda ya faɗa. Yi godiya kafin loma, ka biya da fara'a; wataƙila ta wurinka mai abincin zai fara ganin halin Almasihu.

Addu'a: Ya Uba, ka sa in zama shaidarka a baƙuwar ƙasa. Amin.