Ƙasar Haihuwa Da Ƙasar Reno

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, Gwamnatin Ostareliya ta duba ta ga ƙasarta tana da faɗi ƙwarai, amma mutanen da ke cikinta ba su kai ko miliyan takwas ba. Sai ta yi shawara da Gwamnatin Ingila, suka shirya cewa duk Baturen Ingila da ke son ƙaura ya biya fam goma kaɗai, a ɗauke shi a jirgin ruwa a kai shi can, 'ya'yansa ƙanana kuwa kyauta. Sharaɗi guda aka sa masa, watau ya zauna shekara biyu. In ya ce zai koma kafin nan, sai ya biya cikakken kuɗin jirgin da ya kawo shi, sa'an nan ya nemi na komawa da kansa. A lokacin nan Ingila tana fama da ƙarancin gidaje, abinci ma da kati a ke sayensa. Saboda haka mutane suka yi ta tafiya, har zuwa 1972 fiye da mutum miliyan ɗaya sun ƙetare. An ƙiyasta wajen kashi ɗaya cikin huɗu nasu sun komo daga baya, waɗansu don kewar dangi, waɗansu don sun tarar abin ba kamar yadda aka kwatanta musu ba.

Komowa gida iri biyu ce. Akwai wanda ya ɗaure kayansa ya komo don kansa, akwai kuma wanda hukuma ta kama ta sa a jirgi ta ce masa, ga ƙasarku can, tafi. Abin da mu ke so mu bincika shi ne, dokokin da ke kan waɗannan mutane na adalci ne? Ba za a iya amsa wannan ba sai an amsa wata tambaya da ke ƙarƙashinta, watau, ina ne ƙasar mutum, inda aka yanke masa cibiya, ko inda ya yi wayo?

Wanda ya komo don kansa ba shi da wata wahala a bakin ƙofa. Dokar Ingila ta ba ɗan ƙasa ikon shiga da zama, ko da ya shekara hamsin a waje, ba mai tambayarsa dalili. Wannan daidai ne. Amma fa mutum ba ya shekara ashirin a wata ƙasa ya komo shi kaɗai kamar yadda ya tafi. Ya yi aure, ya haihu. In matar ba 'yar Ingila ba ce, to, a nan magana ta ke. Cikin watan Yuli na 2012 aka kafa ƙa'ida cewa ba a ba matar, ko mijin, iznin zama sai ɗan ƙasar ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara. Cikin Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin ya kai fam 29,000. Albashin da matar ke ɗauka a can ƙasar waje ba a lissafa shi, ko da ita ce mai riƙe da gidan. Wanda bai cika sharaɗin ba tun yana can, in ba shi da ajiya mai yawa a banki, sai ya taho shi kaɗai, ya nemi aiki, ya yi wata shida yana karɓar albashi, kana ya roƙa a bar iyalinsa su biyo shi.

Hujjar Gwamnati ita ce kada baƙi su zama kaya a kan masu biyan haraji. Hujja ce mai kan gado, ba mu raina ta ba. Sai dai tun can doka ta hana irin wannan baƙuwa karɓar taimakon baitulmali cikin shekarunta na farko, watau an riga an toshe ramin da a ke tsoro. Har wa yau, sa'ad da aka sa fam 18,600 ɗin, masu bincike sun lissafa cewa wajen ma'aikata huɗu cikin goma na Ingila kanta ba su samun haka. Ashe ke nan an ce wa leburori da masu ƙaramin albashi, da matan da suka bar aiki don reno, ku kuna da ikon komowa gida, amma ba ku da ikon komowa da iyali. An kai ƙarar ƙa'idar har Kotun Ƙoli ta Ingila. Cikin Fabrairu na 2017 alƙalai suka ce ba ta saɓa wa doka ba, amma suka ce dole a gyara ta a riƙa duba halin yara. Mu dai abin da mu ka gani shi ne, haƙƙin da mai kuɗi ke samu cikakke, matalauci ya sami rabi, ya tashi daga haƙƙi ya koma haja. Ingilar da ta taimaki mutanenta su fita a kan fam goma, ita ce ta sa wa komowarsu da iyali kuɗin da talaka ba ya iya kaiwa.

Amma maganar da ta fi nauyi ita ce ta wanda aka mai da shi tilas. A ce yaro ne ɗan shekara huɗu, iyayensa suka riƙe masa hannu suka shiga jirgin fam goma. Ba a yi shawara da shi ba. Ya yi makaranta a Ostareliya, harshensa ya juye ya zama irin nasu, ya yi aiki ya biya haraji, ya binne iyayensa a can, ya ga jikoki. Abu guda ne bai yi ba, bai je ofis ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba. Kada mai karatu ya yi saurin cewa sakaci ne. A zamanin nan Baturen Ingila a Ostareliya ba a ɗauke shi baƙo ba. Sarauniyarsu ɗaya, yana jefa ƙuri'a ba tare da takardar ba, har waɗanda aka rubuta sunansu cikin littafin zaɓe kafin 26 ga Janairu 1984 aka bar su da ƙuri'arsu. Mutumin da a ke kira ya zo ya zaɓi shugabannin ƙasa, me zai sa ya zaci shi baƙo ne?

To, cikin Disamba na 2014 Majalisar Ostareliya ta ƙara wa dokar shige da fice ƙarfi. Duk wanda ba ɗan ƙasa ba, in yana kurkuku kuma an taɓa yanke masa ɗaurin wata goma sha biyu ko fiye, nan take a ke soke masa iznin zama, sai dai ya yi roƙo daga baya ko a mayar masa. Ran da ya gama ɗaurinsa, maimakon ya tafi gida, sai a wuce da shi wurin tsare baƙi, daga nan sai filin jirgin sama. Mutanen Niyuzilan ne abin ya fi ci, amma ya ci Turawan Ingila da dama, cikinsu har da masu furfura waɗanda rabonsu da Ingila tun suna goye. Irin wannan mutum yakan sauka a Landan da jaka guda, ba ɗan'uwa, ba masauki, bai san ko hanyar kasuwa ba. Ko taimakon marasa aiki ba lalle ya samu nan da nan ba, gama tun 1994 akwai ƙa'ida a Ingila cewa wanda ya komo daga waje sai ya nuna lalle a nan ya ke zaune. Wannan tafiya a takarda sunanta komawa gida, a jikin mai yinta kuwa kora ce zuwa baƙuwar ƙasa. Dattawanmu da suka ga abin da ya faru a Gana cikin 1969, sa'ad da aka ba baƙi mako biyu su fita, har da waɗanda aka haifa a zango ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, ba su bukatar a yi musu dogon bayani.

Wani zai ce, ai mai laifi ne, kuma ko wace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda zai zauna cikinta. Baƙo in ya ɓata wa mai gida, sai ya ɗauki tabarmarsa. Gaskiya ne, kuma ba ma so mu wanke kowa. Cikin waɗanda aka kora akwai masu laifi mai muni ƙwarai, waɗanda suka bar mutane da hawaye. Wanda ya zo ƙasar mutane da gemunsa, ya shekara biyu ko uku ya shiga ɓarna, in an mai da shi inda ya fito ba a zalunce shi ba. Amma a dubi wancan yaro mai shekara huɗu. A ina ya koyi halin da ya kai shi kurkuku? Ba daga Ingila ya zo da shi cikin akwati ba. A titunan Ostareliya ya koya, tare da yaran Ostareliya. Abokinsa da suka yi laifin tare, wanda aka haifa a can, in ya gama wata goma sha biyunsa sai ya koma wurin matarsa. Shi kuwa a ƙara masa horo na biyu wanda ba alƙalin da ya yanke, horon da ba shi da ranar ƙarewa. Laifi ɗaya, hukunci biyu, bambancin kuwa takarda ce da ba a cika ba shekara hamsin da suka wuce.

Bugu da ƙari, Ostareliya ce ta yi kira, ita ta biya kuɗin jirgi, ta ci moriyar ƙarfin iyayen da na 'ya'yan a gonaki da masana'antu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ba daidai ba ne ƙasa ta tsince nagari cikin yaran da ta rena ta ce nata ne, ta tattara lalatattu ta aika wa wata ƙasa wadda ba ta san su ba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ita kanta dokar Ostareliya ta taɓa gane haka, gama akwai sashenta da ya hana korar wanda ya riga ya shekara goma yana zaune bisa ƙa'ida, sai a kan 'yan laifuffuka ƙalilan. Ta wata ƙofa aka zagaye wannan sashe, watau ta soke iznin zama da hujjar mugun hali.

Sai dai Ingila ba ta da bakin yin kuka, gama laifi tudu ne. Tun 2007 ita ma tana da doka mai kama da wannan, wadda ta wajabta korar baƙon da aka ɗaure wata goma sha biyu, in ba ya faɗa cikin waɗansu togiya ba, kuma da ita aka mai da mutanen da suka girma a Landan da Birmingham zuwa Jamaika da sauran ƙasashe. Abin da ya fi wannan muni ya bayyana cikin 2018. Akwai mutanen tsibiran Karibiyan da suka shigo Ingila daga 1948 zuwa gaba, a matsayin talakawan Sarkin Ingila, da yawansu yara ne a kan fasfon iyayensu. Doka ta 1971 ta ba waɗanda suka riga suka zauna kafin 1973 iznin zama na dindindin, amma ba a ba su takardar shaida a hannu ba, katunan saukarsu kuwa aka lalata cikin 2010. Da aka tsananta binciken baƙi sai aka ce su kawo hujja. Waɗansu suka rasa aiki, waɗansu aka tsare su, waɗansu sun je jana'iza Jamaika aka hana su komowa. Gwamnati ta amsa da bakinta cewa a ƙalla mutum 83 an fitar da su bisa kuskure, ministar cikin gida, Amber Rudd, ta sauka daga kujerarta cikin Afrilu na 2018. Su waɗannan ko laifin ma ba su yi ba. A gefe guda kuwa, ɗan Ostareliya ko Kanada wanda bai taɓa taka Ingila ba, in kakansa ɗaya a can aka haife shi, yana da hanyar samun iznin zuwa ya yi aiki shekara biyar. Jinin kaka ya buɗe ƙofar da zaman shekara hamsin bai buɗe ba.

A ganinmu ma'aunin da ya fi kusa da adalci shi ne a tambaya, yana ɗan shekara nawa ya zo, shekara nawa ya zauna, ina iyalinsa su ke, wane harshe ya ke ji, wa ya sani a can inda za a kai shi. Takarda tana da amfani, gama in ba ita hukuma ba ta iya aiki, amma shaida ce kawai ta abin da ke akwai, kuma wani lokaci abin yana nan shaidar ce babu. An taɓa gwada wannan ma'auni. Akwai wani mutum da uwarsa, mazauniyar Ostareliya, ta haife shi a Suwidin sa'ad da ta je ganin dangi, ta komo da shi bai cika wata ɗaya ba. Ya girma ya yi laifuffuka masu nauyi, cikin 2006 aka mai da shi Suwidin, ƙasar da ko harshenta ba ya ji. Aka kai maganar gaban kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin 2011 mafi yawan 'yan kwamitin suka ce, ko da ya ke ba shi da takardar ɗan ƙasa, Ostareliya ita ce ƙasarsa, kuma ya kamata a bar shi ya koma. Gwamnatin Ostareliya ta amsa cewa ba ta yarda da wannan fassara ba, ba ta kuwa komo da shi ba.