Gicciyen Dutse a Bakin Hanya

Karatu: Joshuwa 4:1-9, 2 Sarakuna 18:4

A ƙasar Ingila mutanen dā sun kakkafa gicciye na dutse a mararraba da bisa tuddai, domin kada matafiyi ya ɓace, ya kuma tuna da Ubangiji cikin tafiyarsa. A shekara ta 1290 Sarauniya Eleanor ta rasu kusa da birnin Lincoln. Mijinta, Sarki Edward na Ɗaya, ya sa aka gina gicciye goma sha biyu, ɗaya a kowane zango inda gawarta ta kwana a hanyar Landan. Uku kaɗai suka ragu, a Geddington, da Hardingstone, da Waltham. Yanzu dokar kiyaye kayan tarihi tana tsaronsu. Wanda ya ɓata su ya yi laifi.

Ba ruwa da iska kaɗai suka ci sauran ba. A 1643 Majalisa ta sa aka rushe na Cheapside, a 1647 kuma na Charing. Masu rushewar Kirista ne, masu karanta Littafi Mai Tsarki kamarmu, tsoron bautar gumaka ya kama su. Kada mu yi musu ba'a, gama Hezekiya ma ya farfashe macijin tagulla wanda Musa ya yi. Amma a ganinmu sun yi garaje. Hezekiya ya fasa shi domin jama'a suna ƙona masa turare, Joshuwa kuwa ya kafa duwatsu goma sha biyu domin 'ya'ya su tambayi iyayensu ma'anarsu.

Tambaya: Ta yaya ikilisiya za ta gane ranar da dutsen tunawa ya zama abin sujada?