Wa Zai Tsaya Maka?

A Tudun Wadan Zariya, kamar sauran unguwannin da ake kai-kawo don neman na abinci, akwai tambayar da ke kashe maganar aiki tun kafin a kai ga batun albashi: "Wa ya san ka, wa zai tsaya maka?" Mai shagon POS yana yin ta, mai keke napep da zai ba da kekensa a riƙa kawo masa balas kullum yana yin ta, haka gidan mai da makarantar kuɗi da kamfanin masu gadi. Galibi takarda ake miƙo wa mai nema, a ce ya kai wa wani ma'aikacin gwamnati mai muƙami ko sanannen ɗan kasuwa ya sa hannu, ya manna hotonsa. Ɗan gari mai kawu a harabar jami'a ta Kongo ko ƙanin uba a asibitin koyarwa zai cika ta kafin la'asar. Manomin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Giwa ko Birnin Gwari, da gardin da ya sauke Alƙur'ani nesa da garinsu, da bazawarar da ba ta taɓa aikin albashi ba, su kam sai su naɗe takardar su tafi. Ra'ayina shi ne neman mai shaida halal ne kuma hankali ne, amma mayar da shi ƙofa ɗaya tilo kuskure ne, domin a nan an daina auna amanar mutum, an koma auna gatansa.

Abin mamaki, ita kanta unguwar ta baƙi ce tun asali. Bayan Turawa sun kama Zazzau a 1902, layin dogo kuma ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai aka ware Sabon Gari ga mutanen kudu, Tudun Wada kuma ta zama masaukin 'yan arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Kakannin yawancin masu tambayar yau haka suka sauka, ba wanda ya san su. Abin da ya rufa musu asiri tsohuwar al'adar fatauci ce ta maigida: baƙo ya sauka a zauren wani, ya ci tuwonsa, a aike shi ƙaramar aika, a ga ya dawo da canji daidai, sannan a ɗora masa babba. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi yana tafiya ne bashi a kan lamunin irin waɗannan masu gidaje. Ke nan al'adar ta san lamuni sarai. Sai dai a da akwai hanyar da baƙo zai bi ya samu mai tsaya masa. Yanzu kuwa ana so ya zo da shi daga gida.

Alƙur'ani ya kawo irin wannan hali a Suratul Ƙasas. Annabi Musa (AS) ya isa Madyana a guje, ana nemansa a Masar a kan ran mutum, ba guzuri, ba dangi. Ya shayar wa mata biyu dabbobinsu bai nemi ko sisi ba, ɗayarsu ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa, aka kuwa ƙulla yarjejeniyar shekara 8, in ya so ya cika 10. Dattijon ya ji labarin gudun nasa daga bakinsa kafin ya ɗauke shi. Wani zai ce ai maganar yarinyar nan ita ma shaida ce, don haka ƙissar tana ƙarfafa neman mai shaida ne. Gaskiya ne, kuma a nan ne hujjar take. Shaidarta ba ta sarauta ba ce, ba ta dukiya ba; shaidar abin da ido ya gani ce a bakin rijiya, a yini ɗaya. Irin wannan ma'auni ne aka ruwaito daga Sayyidina Umar (RA), sa'ad da wani ya zo wanke wani mai ba da shaida: Umar ya tambaye shi ko mai shaidar maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya ce masa bai san mutumin ba. A ɗora takardar lamunin yau a kan wannan sikeli a gani. Daraktan da ya sa hannu don matarsa ta roƙe shi, bai taɓa tafiya da yaron ba, bai taɓa ba shi ajiya ba. A wurin Umar wannan sa hannu iska ne, mu kuwa shi muke fifitawa a kan maganar mai shayin da yaron ya yi wa wanke-wanke wata shida.

Bukhari ma, a babin ƙodago, ya kawo cewa ranar Hijira a 622 Annabi (SAW) da Abubakar (RA) sun ɗauki wani mutumin Banu Dil ya yi musu jagora, alhali yana kan addinin Ƙuraishawa, suka ba shi raƙumansu biyu, suka yi alkawarin haɗuwa a kogon Saur bayan kwana 3. Masu tarihi sun ce sunansa Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Ba ƙabila aka duba ba, ba ma addini ba. Sanin hanya da riƙon sirri aka duba.

Babbar sukar da za a yi wa wannan ra'ayi ta mai dukiya ce, kuma ba ta wasa ba ce. Ana gudu da keke, ana kwashe kuɗin shago, mai gadi na iya buɗe wa ɓarayi ƙofa. Wanda ya ci bashi ya sayi napep ba sadaka ya fito yi ba, addini kuma bai ce kowa ya wofintar da dukiyarsa ba. Amma wannan suka tana ɗauka cewa zaɓi biyu ne kawai: ko a danƙa wa baƙo mabuɗin sito, ko a kore shi. Tsakaninsu akwai fili mai faɗi, wanda magabata suka san shi: aikin yini a biya da yamma, ajiyar da in ta salwanta ba za ta karya jari ba, aiki a gaban idon wani, sannan a ƙara da kaɗan-kaɗan. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau ya riga ya rarrabe wurin haɗari. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa masu sana'a, irin su tela da marini, biyan abin da ya salwanta a hannunsu in sun keɓe da shi. Ma'aikacin da ke aiki ƙarƙashin maigidansa kuwa, malamai sun ɗauke shi amintacce, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Ma'ana, shari'a ta fara da kyautata zato ga ɗan ƙodago, ta tsananta ne kawai inda kaya suka ɓace wa idon mai su. Mu mun juya abin, muna neman lamunin darakta ko da aikin shara ne.

Takardar ma ba ta tsare abin da ake zaton tana tsarewa. Idan sa hannu ya zama sharaɗin cin abinci, to zai zama haja, a samu masu sayar da shi, alhali malaman fiƙihu na da sun hana karɓar lada a kan lamuni, domin a wurinsu aikin alheri ne. Ɓarawon da ya shirya shi ya fi kowa iya kawo takardu cikakku. Mai gaskiyar da ba shi da kowa shi ne ba zai iya ba. Ga kuma asarar da ba a lissafawa. Amanda Pallais, masaniyar tattalin arziki a Amurka, ta ɗauki kusan mutum dubu ƙaramin aiki a dandalin oDesk na intanet, ta rubuta shaidar aikin kowannensu a fili, ta fitar da sakamakon a 2014: sababbin shiga da suka samu wannan aikin farko da shaidarsa sun fi takwarorinsu samun aiki daga baya. Ta nuna cewa kowane mai ɗaukar aiki yana jiran wani ya fara gwada sabon mutum, don shi zai ɗauki haɗarin, wasu su ci moriyar. Abin da kowa ke buƙata amma kowa ke turawa ga wani, a ilimin fiƙihu ya yi kama da farillar da in wasu suka yi ta sauka a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Wanda ya fi cancantar ɗaukarta shi ne wanda asarar dubu biyar ba za ta hana shi barci ba.

Akwai masu rufe zancen da cewa arziki na Allah ne, mai rabo zai samu. Haka ne, amma wannan magana ce ta ƙarfafa zuciyar mai nema, ba uzurin mai hanawa ba ce.

Sauran nauyin yana kan wanda aka riga aka yi wa aiki. Ƙarshen Suratul Baƙara ya yi kashedi a kan ɓoye shaida, kuma ko da ayar a kan bashi da jingina ta zo, ina ganin gargaɗinta ya kai ga maigidan da yaro ya yi wa hidima shekara uku bai ci masa ko kwabo ba, amma ranar rabuwa ya ƙi rubuta masa layi biyu don haushin ya tafi. Yawancin waɗanda ake cewa ba su da mai shaida sun yi aiki, a kasuwar Tudun Wada, a garejin makanikai, a gidajen mutane; shaidar tasu ce aka riƙe. Alhaji mai shago, hajiya mai 'yar aiki, malam mai almajirai, shugaban ƙungiyar masu keke: wanda ya yi muku aiki da gaskiya, ku rubuta masa abin da kuka gani, da kwanan wata da sunanku, ku ba shi a hannunsa. Wanda kuma ya zo ba takarda, a ba shi aikin yini ɗaya kafin a tambaye shi wa ya sani.