Ina Baƙo Zai Zauna?

A garin Poissy, yamma da Paris, akwai wani farin gida da ake kira Villa Savoye. Le Corbusier da ɗan uwansa Pierre Jeanneret ne suka zana shi, aka kammala shi a 1931, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Ƙanena da ke karatu a Faransa ne ya kai ni. Gidan yana tsaye bisa siraran ginshiƙan kankare, tagogi sun zagaye shi kamar ɗamara. An lanƙwasa bangon ƙasa daidai yadda mota za ta kewaya ta sauke maigida a bakin ƙofa.

Kana shiga sai ka ci karo da wurin wanke hannu, tsaye a fili kusa da ginshiƙi. Na daɗe a gabansa. Wanda ya tashi da buta da alwala ba zai wuce shi haka kawai ba. Ashe mai zanen ya san ba a faɗa wa gida da ƙurar hanya.

Sai dai na duba ko'ina ban ga inda mai sallama zai tsaya ba. Akwai ɗakin direba, akwai na masu aiki, akwai hawa mai gangare da ke kai mutum har saman rufi. Wanda aka gayyata ya samu wuri. Wanda Allah ya jefo, ba a yi ginin da shi a zuciya ba.

Mu kuwa zaman kakanninmu a Djougou da Parakou a kan baƙunta ya ginu. Fatake sun taso daga Kano da Katsina za su Gonja sayen goro, suka sauka a zango, maigida ya ba su masauki, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Zaure shi ne wurin duk wannan. A nan almajiri ke ajiye allonsa, a nan ake shimfiɗa tabarmar gaisuwar mutuwa, a nan baƙo ke shan ruwa ba tare da idonsa ya kai ga matan gida ba. Suratun Nur ta umurce mu da neman izini kafin shiga gidan wani, hadisi kuma ya ba baƙo haƙƙin kwana 3. Zaure ne ya haɗa sutura da karamci a ɗaki ɗaya.

Ba na zargin Bature, don bai ɗauki wannan alkawari ba. Mu da muka ɗauka fa? Dubi sababbin gidajen unguwar Kpébié a Parakou: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, gareji, sai falo mai kujeru da ba a buɗe wa sai manya. Wani malami ya ce mini karamci a zuciya yake, ba a bulo ba. Gaskiya ne, amma zuciya ma tana bin abin da ta saba. Yaron da bai taɓa kai wa baƙo ƙwaryar fura a zaure ba, a ina zai koyi haƙƙin nan?

Da na zo gina filina, magini ya ce wurin ba zai ɗauki gareji da zaure tare ba. Na ce masa: "Malam, a yi zauren. Babur ɗina ya kwana a tsakar gida."