Kafin Ka Goge Sunan Bawan Allah

Ɗana, in aikinka ne tsare jerin masu karɓar tallafi ko masu sayen cimaka a farashi mai rahusa a Dogon Dutsi ko Tibiri, wata rana za a ce ka zaƙulo waɗanda suka shiga sau biyu. A SQL abin ba wuya: ka tara layuka bisa suna da GROUP BY, ka ɗora HAVING COUNT(*) > 1, kwamfuta ta jero maka duk sunan da ya maimaitu.

Sai dai abin da ta ba ka zato ne kawai, kuma kama da wane ba ta wane. A ƙauye guda na Matankari ko Geceme za ka tarar da mutane da dama masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ranar haihuwa ma ba ta raba gardama, tunda dattawa da yawa da ba su da takarda 1 ga Janairu aka rubuta musu. Lambar waya kuwa ta fi yaudara: uwargida, amarya da maƙwabciyarsu duk lambar yaron da ke da salula suka bayar, alhali kowace da bakunan da take ciyarwa.

Wanda ya shiga sau biyu da gaske, shi ne ke sulalewa. Wani magatakarda ya rubuta Oumarou, wani ya rubuta Oumar, kwamfuta ta ɗauke su mutum biyu. Saboda haka ka fara daidaita rubutu da TRIM da UPPER, ko da yake su kaɗai ba za su mai da Oumar ya zama Oumarou ba, sannan ka haɗa suna, sunan uba, sunan uwa da ƙauye wuri guda. Ka tuna sai a 2011 aka cire Tibiri daga gundumar Dogon Dutsi, don haka mutum na iya fitowa a tsohon jeri da sabo. Akwai kuma wani Tibirin a Gobir, kusa da Maraɗi. Hukumar zaɓe ta CENI da kanta da zanen yatsa ta yi rajistar zaɓen 2020. Kai kuwa ba ka da shi a jerinka.

Wanda ka goge bisa kuskure ba zai sani ba sai ranar rabo, bayan ya taso da buhunsa daga nesa, rumbu kuma ya ƙare. Don Allah ka adana kwafi, ka duba da SELECT, ka buga sunayen da ake zargi ka kai wa mai gari ya tantance su ɗaya bayan ɗaya, kafin hannunka ya taɓa DELETE.