Albarkar Gona da Hakkin Ɗan Ƙwadago

Kafin a shiga wannan darasi, sai shugaba ya sa a karanta Littafin Rut sura 2, da Wasiƙar Yakubu 5:1-6.

Da faɗuwar ruwan fari mukan taru a majami'a mu roƙi Ubangiji ya sa albarka ga gonakinmu. Da kaka kuma mukan kawo dawa, da acca, da doya, mu ajiye a gaban ekklesiya da godiya. Wannan daidai ne, gama Zabura 127 ta koya mana cewa ƙoƙarin mai gini da na mai tsaro ba ya kai ko'ina in Ubangiji ba ya cikin aikin. Amma ga tambayar da za mu auna yau. Mutum ya ɗauki 'yan ƙwadago, sun yi masa noman fari da maimai, ya ce su dawo ranar kasuwa. Ranar ta zo, ya ce sai ta gaba. Ko Allah zai saurari roƙonsa na albarka?

Shari'ar Musa ba ta bar mu cikin shakka ba. Littafin Firistoci 19:13 ya hana kuɗin ma'aikaci ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Kubawar Shari'a 24:14-15 ta ƙara cewa a biya shi kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, domin matalauci ne, a kan kuɗin nan ya dogara. In ya kai kuka ga Ubangiji, laifi yana wuyan wanda ya riƙe. Ko sarki bai kuɓuta ba: annabi Irmiya ya tsauta wa Yehoyakim, sarkin Yahuza, domin ya gina benaye da katakon al'ul bai biya masu aikin ba (Irmiya 22:13-19). Kakanninmu sun ɗanɗana irin wannan zalunci tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da gwamnatin Turawa ta tilasta wa dubban mutane haƙar kuza a Filato, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Abin da muka ƙi a hannun mai iko, kada mu yi wa wanda yake ƙarƙashinmu.

Bari mu dubi Bo'aza. Sa'ad da ya zo gona daga Baitalami, da sunan Ubangiji ya gai da masu girbinsa, su kuma suka amsa da sa masa albarka. Ma'aikacin da aka cuce shi zai iya durƙusawa ya yi gaisuwa, amma ba zai sa albarka daga zuciya ba. Halin Bo'aza ya bayyana a yadda ya yi da Rut, gwauruwa, baƙuwa daga Mowab, wadda ta zo kala. Ya ce ta sha daga tulunan ma'aikatansa, ya zaunar da ita ta ci tare da su, ya kwaɓi samari kada su dame ta, ya kuma sa a riƙa zare zangarniya daga dammuna ana bar mata. Albarkar da ya roƙa wa mutanensa da baki, ta hannunsa ta fara isa gare su.

Wani zai ce, ai mun ga mai riƙe hakkin mutane da rumbu cike, mun kuma ga mai gaskiya wanda fari ya ƙone masa gero. Haka ne. Ba a sayen ruwan sama da adalci, gama Yesu ya koya cewa Uba yana aiko shi wa masu adalci da marasa adalci duka (Matiyu 5:45). Amma cikar rumbu dabam, albarka dabam. Yakubu ya nuna cewa kuɗin masu girbi da aka riƙe yana kuka, kukan kuwa ya kai ga Ubangiji. Hatsin da kukan talaka yake binsa shaida ne a kan mai shi ranar shari'a.

Wani kuma zai ce, ni ma ba ni da kuɗi sai na sayar da amfanin gona. To, sai ya faɗa tun kafin a ɗaga fartanya, a yi jinga a sarari, ya kuma cika alkawari a ranarsa. Talauci ba zunubi ba ne, yaudara ce zunubi.

Ma'aikaci ma yana da nasa. Wanda ya rufe ciyawa da ƙasa domin kunya ta ƙare da wuri, ya saci kuɗin da aka biya shi. Manzo Bulus ya tuna wa mai aiki da maigida cewa Ubangijinsu ɗaya ne a sama (Kolosiyawa 3:22-4:1).

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Su wa suke yi mana aiki a gona, a gida, ko a shago? Akwai wanda yake bin mu hakkinsa?
2. Ekklesiyarmu tana biyan mai bishara, da magini, da mai shara a kan lokaci?
3. Me ya kamata mutum ya fara yi kafin ya kawo baikon godiyar kaka, in ana bin sa kuɗin ƙwadago?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka sa albarka ga aikin hannuwanmu, da ga dukan masu zub da gumi dominmu. Ka ba mu zuciyar biyan kowa hakkinsa a kan kari. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.